Cinikin biri a sama: Liyarin 1780 da kasuwar tsoffin kuɗi ta intanet

A watan Oktoba na shekarar 2025 farashin azurfa a kasuwannin duniya ya haura dalar Amurka 50 kan kowace oza, wato ya zarce inda ya taɓa kaiwa a shekarar 1980. Tun daga wannan lokaci tallace-tallacen tsoffin kuɗin azurfa suka ƙara yawaita a intanet, har ta kai ga ma'aikaci yana zaune a ofishinsa a Kaduna ko Abuja zai ga an turo masa hoton tsohon kwabo ko sule ana ce masa dukiya ce da bai kamata ta wuce shi ba. Da yake kuma a tsakiyar wannan shekarar ce wasu bankunan ƙasar nan suka sake buɗe wa katin naira ƙofar sayayya a ƙasashen waje, bayan sun rufe ta tun 2022, sai hanya ta yi sauƙi ga mai sha'awa, ta kuma yi sauƙi ga mai neman wanda zai cuta. Ni kaina na shiga wannan kasuwa na fito da ɗan tabo, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun da mai karatu.

Abin da na saya liyari ne, wato tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, wanda iyayenmu mata kan huda su rataya a wuya, ko su ba maƙeran farfaru su narke su yi musu mundaye. Kakata tana da guda uku a cikin adudunta, kuma bayan rasuwarta ba wanda ya san inda suka shiga. Don haka da na ga wani ɗan kasuwa a wata ƙasar Turai ya sa hoton irinsa, ya rubuta cewa bugun 1780 ne kuma samunsa sai an tona, ban tsaya dogon tunani ba na biya. Bayan mako biyar kaya ya iso. Ina buɗe ƙunshin gabana ya faɗi, domin abin yana ta walƙiya kamar jiya aka fito da shi daga maƙera, babu alamar ya taɓa shiga hannun fatake balle ya kwana a cikin mangala.

Na ɗauke shi na kai wa wani dattijon maƙerin azurfa a Kasuwar Kurmi. Ya ɗora shi a sikeli ya ga giram 28, ya ɗan buga shi ya saurari amonsa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, azurfarka mai kyau ce, ba a cuce ka a nan ba. Amma idan shekaru ka saya, to wannan ko ni na girme shi."

Dattijon nan gaskiya ya faɗa, kuma tarihi yana bayansa. An soma buga wannan kuɗi a 1741, sarauniyar kuma ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da sauran sassan Afirka sun amince da shi, ba kuma sa karɓar wanda fasalinsa ya sauya, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780 ba tare da an canza ta ba. Ostiriya ta daina amfani da shi a matsayin kuɗin ƙasa a 1858, amma injin bai tsaya ba. A 1935 Italiya ta karɓi izinin buga shi a Rum domin yaƙin da ta kai wa Habasha, su ma Turawan Ingila suka buga nasu a Landan da Bombai, aka kuma buga a Paris da Burasels. An ƙiyasta cewa waɗanda aka buga sun haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na birnin Biyana bai daina fitar da sababbi yana sayarwa ba, dukkansu ɗauke da 1780. Ke nan wannan lamba ba ranar haihuwa ba ce, tambari ne kawai.

Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani a nan da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Hasali ma kalmar dala da muka riƙa kiran sule biyu da ita, wadda 'yan uwanmu na Nijar har yau suke ƙirga kuɗinsu da ita, tushenta ɗaya da sunan wannan kuɗi a Jamusanci, kamar yadda ita ma dalar Amurka daga can ta samo sunanta. Abin kunya ne a ce jikan waɗanda suka yi ƙarni suna juya wannan kuɗi a kasuwa shi ne Bature zai sayar wa da shi a matsayin abin da ba a samu, amma haka ta faru.

To, shin mutumin ya yi mini ƙarya? Nan ne maganar take da sarƙaƙiya, nan ne kuma yawancin masu saye suke shan kaye idan an zo gardama. Ya rubuta 1780, kuma 1780 ɗin ce a jikin kuɗin. Ya ce azurfa ne, kuma azurfa ne: kashi 83 cikin ɗari na nauyinsa, wato giram 23 da ɗan ɗoriya na zallar azurfa, abin da bai wuce kimanin dala 38 ba a ranar da oza ta kai dala 50. Ni kuwa na biya kusan ninki uku na haka, ban da kuɗin aikowa. Abin da ya yi shi ne ya yi shiru a kan kalma guda, wato cewa maimaicin bugu ne, ya bar jahilcina ya ƙarasa masa aikin. Irin wannan wayo ake yi da kwabo da anini masu huda na 1936 waɗanda ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas. Da yake sarkin ya yi murabus kafin ya cika shekara a kan gado, sai a riƙa tallata su kamar wata taska, alhali Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta sa an buga su da yawan gaske, kuma har yanzu ba su da wata tsada a wurin waɗanda suka san harkar.

Na wani abokina likita ya fi nawa muni. Shi a Facebook ya ga tallar, ya tura kuɗi kai tsaye cikin asusun mai tallar, aka aiko masa da liyari ta tashar mota. Da aka auna, nauyinsa bai kai ba, da aka kuma kusanto da maganaɗisu sai ya manne, alhali azurfa ba ta bin maganaɗisu. Ƙarfe ne aka yi wa wanka. Ya kira lambar ya ji ta a kashe, shafin ma an goge shi. Jabun tsoffin kuɗi masana'anta ce mai zaman kanta, har ta kai Amurka ta yi doka tun 1973 da ta wajabta a buga kalmar da ke nuna kwaikwayo ne a jikin duk wani kuɗin tarihi da aka kwaikwaya, sannan a 2014 aka faɗaɗa ta ta haɗa da masu sayarwa. Can akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a 1986 da 1987, da aikinsu shi ne su tantance kuɗi, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a cikin kwanson roba mai lamba. Duk da haka 'yan damfara ba su bar kwanson ba, shi ma kwaikwayonsa suke yi, sai dai mai saye yana iya duba lambar a shafin kamfanin ya gwada hoton da abin da ke hannunsa.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, babban abokin gabarsa shi ne jinkiri da kuma kunya. Da yawa daga cikinmu, musamman masu ɗan muƙami, mun gwammace mu jefa abin a aljihun tebur da a ji cewa an yi mana wayo. Alhali manyan kasuwannin intanet suna da wa'adi: a eBay, misali, mai saye yana da kwana 30 daga isowar kaya ya shigar da ƙorafin cewa abin bai dace da yadda aka siffanta shi ba, kuma wanda ya biya da kati yana iya neman bankinsa ya bi masa kadin kuɗinsa. Amma hujja ake nema ba ɓacin rai ba. Ya kamata a adana hoton tallar tun kafin a goge ta, a ɗauki hoton ƙunshin lokacin buɗewa, a ɗauki na kuɗin yana kan sikeli lambar tana fitowa sarai, a kuma yi duk wata magana da mai kayan a rubuce ta cikin kasuwar, kada a yarda ya ja mutum zuwa WhatsApp inda babu alƙali. Sannan kada a kuskura a wanke kuɗin ko a goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi haske. Mai kayan zai ce ba haka ya aiko shi ba, kuma a wurin masana gogaggen kuɗi ya riga ya zubar da rabin mutuncinsa.

Wannan ƙa'ida ta siffa ba sabuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓin ya mayar. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da bayaninsa ba. Matsalar ita ce hannun hukumar bai kai Turai ko Sin ba, a cikin gida kuma mai talla a Facebook ba shi da shago ba shi da adireshi. A ganina a nan ne ya kamata hukumar da Babban Banki su matsa wa bankuna, domin asusun da abokina ya tura wa kuɗi yana da suna da lambar BVN, kuma ba daidai ba ne a ce wanda aka cuta sai ya yi wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin banki da ofishin 'yan sanda kafin a ko dubi takardarsa.

Akwai kuma namu sakacin. Babban Banki yana da gidan adana tsoffin kuɗi a Abuja, amma 'yan boko nawa ne suka taɓa leƙa shi? Mutum nawa ne suka san cewa aninin da aka buga wa ƙasar nan a 1907 da sanholo aka yi shi, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe? Tun da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, taro da sisi da fataka suka koma cikin gwangwanayen tsofaffi, daga nan zuwa hannun 'yan gwangwan ko dillalan da ke sayar wa baƙi. Yanzu mu ne muke biyan dala muna sayo su daga waje, ba mu kuma da ko ƙaramin littafi da Hausa da zai gaya mana wanne ne mai daraja, wanne ne na banza.

Game da nawa liyarin, na rubuta wa mutumin na ce bai ambaci cewa maimaicin bugu ba ne. Ya amsa cikin ladabi cewa ai kowa ya san haka, amma zai mayar mini da sulusin kuɗina muddin zan rubuta masa yabo a shafinsa. Da na yi lissafin abin da mayar da kayan zuwa Turai da rajista zai ci, da asarar da zan yi wajen canji, sai na ga riƙe shi ya fi. Na ce masa sulusin ina so, amma abin da zan rubuta shi ne abin da ya faru. Bai sake amsawa ba, sai da kasuwar ta shiga tsakani a rana ta goma sha ɗaya sannan aka mayar mini da wani abu. Liyarin kuma na koma da shi Kurmi, dattijon ya yi masa kunne, 'yata ta fari ce take ratayawa.