"Turbo ce!" To, ta wace shekara, kuma doki nawa?



Akwai kalma guda da ke ƙara wa tsohuwar mota kuɗi a bakin dillali ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Kalmar ita ce "turbo". Da zarar an ce "turbo ce, Alhaji", sai mai saye ya gyara tsayuwa, sai farashi ya hau. Abin da ke damunmu shi ne tambayar da ya kamata ta biyo baya, wadda ba kasafai ake yin ta ba: turbo ta wace shekara, kuma wane inji ne a ciki? Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk wanda ya sayi mota saboda suna bai san shekararta da lambar injinta ba, cinikin biri a sama ya yi. Kuma sau da yawa kuɗin da ake zubawa a irin wannan ciniki kuɗin albasar shekara guda ne, ko guzurin da yaro ya tara shekara uku a bakin teku.

Bari mu fara da kalmar "doki" kanta, don nan ruɗanin ya soma. Mu da muka yi lakwal, kalma ɗaya muka koya a Faransanci, amma abu biyu take nufi. Akwai dokin da ke rubuce a kart giriz, wanda ake sa wa alamar CV. Wannan dokin haraji ne. Da shi ake lissafin binyet da asirans, kuma ƙaramar lamba ce, irin su 7, 9 ko 11. Akwai kuma dokin gaske, mai alamar ch, wato ƙarfin da injin ke fitarwa in an auna shi. Doki ɗaya na gaske daidai yake da wat 735 da ɗan ɗori. Misali mai sauƙi: tsohuwar Citroën 2CV da aka fitar a 1948, sunanta ma "doki biyu", amma injinta na farko doki 9 yake bayarwa. Saboda haka in mutum ya ce maka "motata doki goma sha ɗaya ce", takarda ya karanto maka. Bai faɗa maka ko za ta iya wuce tirelar siminti a hanyar Malbaza ba.

Yanzu mu ɗauki motar da kowa ya sani a wannan yanki, Peugeot 505. An fara ƙera ta a Faransa a 1979, aka daina a can a 1992. Doguwar, mai layin kujeru uku, ta fito a 1982, kuma ita ce ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Sakkwato. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa Peugeot a 1975, ya haɗa 504 da 505, shi ya sa kayan gyaransu suka wadata a kasuwanninmu har yaro ɗan koyo ya san su kamar tafin hannunsa. Mafi yawan waɗannan motoci ba su da turbo. Injin fetur ne mai lita 2, doki kimanin 96.

Amma akwai 505 da aka rubuta wa "Turbo Injection" a baya. Ita ce manyan direbobi ke ba da labarinta. To ku duba yadda suna ɗaya ya ɗauki ƙarfi uku:

Ta 1983, inji mai lamba N9T: doki 150.
Ta 1984, inji N9TE: doki 160.
Ta 1986, inji N9TEA: doki 180.

Girman injin bai sauya ba, cc 2155 ne a duka ukun. Jikin motar ma, in ba gwani ba ne kai, da wuya ka bambance. Amma tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai doki 30, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin 505 ta tasha gaba ɗayanta. Har ma kamfanin ya sayar da wasu kayan ƙari da ke kai ta doki 200.

Daga ina dawakin suka fito? Inji da iska yake aiki kamar yadda maƙera ke aiki da zugazugi. Turbo wata ƴar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi, sai a ƙone mai da yawa a samu ƙarfi da yawa. Matsalar ita ce iskar da aka matse zafi take yi, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. Doki 10 na farko sun samu ne da aka ƙara wata na'ura mai kama da ƙaramin radiyata, wadda ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, makanikai na ce mata intakula. Sauran sun zo ne da aka sake gyara yadda turbo ke tura iska da yadda ake ba injin mai. Ke nan kowane doki da aka ƙara, da kayansa ya zo: wani tiyo, wata waya, wata na'ura da in ta lalace sai an nemo irinta.

Ga kuma abin da dillali ba zai faɗa maka ba, wataƙila ma bai sani ba. Wannan inji na 2155 ba ɗan gidan Peugeot ba ne tun asali. Gado ne daga kamfanin Simca, wanda ya shigo hannun Peugeot lokacin da ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978. Ma'ana, kayan injin 504 da 505 na Kaduna da suka cika shaguna ba su shiga cikinsa. Ranar da kan inji ya ƙone, abin da makanikai ke kira kilas, za ka zagaye Ƙonni, ka ƙetara Illela ta Najeriya, ka kai Sakkwato, ka dawo hannu rabbana. Motar ta koma wurin kwanan kaji a ƙofar gida.

Ɓangaren gazuwal ma haka labarin yake. 505 mai gazuwal marar turbo, inji XD2, doki 70 ce. Da aka sa mata turbo, XD2S, ta koma 80. Da aka ƙara girman injin zuwa lita 2.5, XD3T, ta kai 95. Da aka ƙara intakula, XD3TE, ta kai 110. Duka ukun na ƙarshe "turbo dizal" ake ce musu a kasuwa, amma tsakanin 80 da 110 akwai tafiya.

Kada wani ya ce ai zamanin Peugeot ya wuce. Masu neman Land Cruiser tsohuwa su ma su saurara. Injin 1HZ mai lita 4.2 ba shi da turbo, doki kimanin 130. Ɗan uwansa mai turbo, 1HD-T na 1990, yana wajen 165. Na 1995, 1HD-FT, wajen 170. Na 1998, 1HD-FTE, ya haura 200, amma famfon mansa kwamfuta ke sarrafa shi. Na farkon, makanikin Badagishiri zai kwance shi ƙarƙashin bishiya ya mayar. Na ƙarshen, in ya yi gardama, sai an nemo mai na'urar bincike. Ba banza ba ne mutanen daji har gobe suke riƙe da 1HZ duk da ƙarancin dawakinsa.

Wani zai ce: "To ai ku ƴan rediyo surutu kuka iya. Mu da muke hanya mun san amfanin ƙarfi. In ka ɗauko buhunan albasa daga Galmi, ko kana son wuce manyan motoci uku a jere kan RN1, doki kake buƙata." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ba mu raina ta ba. Mota marar ƙarfi da ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da tirela ta kasa wucewa, ita ma haɗari ce. Amma akwai abu uku da ya kamata a sa a ma'auni.

Na farko, lambar da ke cikin littafin kamfani an auna ta ne a kan sabon inji, cikin iska mai sanyi, da mai mai tsabta. Motar da ake maka tallarta ta kusa shekara 40. A watan Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana haura digiri 40, iskar da injin ke shaƙa ta riga ta yi zafi tun kafin turbo ya matse ta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Dokin da aka rubuta 180 a Faransa a 1986, Allah kaɗai Ya san nawa suka rage a cikin garken.

Na biyu, mai. Injin fetur mai turbo na wancan zamani an yi shi ne don man super mai inganci. Mu kuwa mun san inda da yawanmu ke shan mai: wajen ƴan ruwa-ruwa, a kwalba ko jarka, wani lokacin da ƙasa-ƙasa a gindinta. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli har zuwa Maris na 2024, kowa ya ga yadda samun mai da kayan gyara ke iya juyawa cikin dare ɗaya. Injin tasha marar turbo yana haƙuri da mai marar kyau, ya yi tari ya wuce. Mai turbo ba ya da wannan haƙurin. Ƙarar da za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, fistan ne ke cin wuya.

Na uku, ɗaukar kaya ba yawan doki ba ne kaɗai. Abin da ke tayar da mota mai nauyi daga tsaye shi ne ƙarfin murɗawa da injin ke da shi tun yana juyawa a hankali, kuma a nan injin gazuwal ya fi na fetur ko da dokinsa bai kai ba. Yawan doki gudu yake ƙarawa. Gudu kuwa a kan tsofaffin tayu da birkin da aka yi wa faci, da fasinja tara a ciki da kaya a sama, kowa ya san ƙarshensa. Daga mararrabar Tsarnawa zuwa Tawa, ba ƙarancin doki ke sa a kwashi mutane zuwa likita ba.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ɓoyuwa: sauyin inji. Mota ta shigo ta Kwatano ko Lome, ko ta ƙetaro daga Najeriya, ta wuce hannu biyar. A hanya an cire injin asali an dasa wani. Rubutun "Turbo" yana nan a baya yana ƙyalli, don rubutu da gam ake liƙa shi. Kart giriz na faɗin abu ɗaya, ƙarƙashin kafo ana ganin wani. Mai saye ya biya kuɗin doki 160, ya tafi gida da 96. Wani kuma akasin haka: an dasa inji mai ƙarfi a jikin motar da birkinta na ƙaramin inji ne. Na farko ya yi asarar kuɗi, na biyu yana wasa da rayuka.

Kakanninmu da suka yi cinikin dawaki na gaske ba su taɓa yarda da bakin mai sayarwa ba. Bakin dokin suke buɗewa su duba haƙora, don haƙori ba ya ƙaryar shekaru. Mota ma tana da haƙoranta. Ga abin da muke ba da shawara kafin a ƙirga ko dala:

A duba ƙaramin farantin ƙarfe na kamfani da lambar shasi, a gwada da abin da ke kart giriz.
A nemi lambar da ke jikin injin kansa, a rubuta ta, a tambayi masu sayar da kayan gyara ko suna da kayansa kafin a saya, ba bayan an saya ba.
A je da makanikin da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba.
A tayar da motar da safe tana sanyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji ko turbo na shan baƙin mai.
A duba ko intakula na nan, ko an cire an haɗa tiyo kai tsaye.

Wanda kuma ya riga ya mallaki mai turbo, ya riƙe ta da hakkinta. Fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne kaɗai ke tsare ta. A yi bidanji kan lokaci da mai na kirki. A riƙa kakkaɓe matatar iska. In an dawo daga doguwar tafiya, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, don turbo ya huce.

Ga dillalanmu, da girmamawa: sana'arku halal ce, kuma gari ba ya yi sai da ku. Amma faɗin "turbo ce" a yi shiru kan shekara da sauyin inji, ɓoye aibi ne, kuma duk mun san hukuncin ɓoye aibi a ciniki. Wanda kuka sayar wa yau, gobe a sahu ɗaya za ku yi sallar Juma'a. Ga shugabannin sandikan direbobi da na makanikai kuma, ba abu ne mai wuya ba a sa al'ada cewa duk takardar cinikin mota a rubuta shekara da lambar inji a gaban shaidu. Layi biyu ne kawai, amma za su rage ƙarar da ake kaiwa gaban mai gari da jandarma.

Matasa masu dawowa da guzuri, ku yi haƙuri da mu. Mun san daɗin a ce motarka ta fi ta kowa tashi. Amma motar da ke fita kullum ta dawo da kuɗin cefane ta fi wadda ke da labari tana kwance kan duwatsu. Matambayi ba ya ɓata.

Makanikai da direbobin Ƙonni, Dogarawa, Gidan Idar, Badagishiri da Illela, ku ne malaman wannan fanni. Wane inji ne ya fi jure zafinmu da manmu a ganinku? Ku rubuta mana a ƙasa, na baya su ƙaru.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu. Amin.