Lambun Bayan Gida

Idan ruwan shuka ya sauka, hankalin kowa yakan koma gona. Manya su saɓi sungumi, yara su bi su da ƙwaryar iri, a shuka gero da dawa. Wannan daidai ne, gama hatsi shi ne ƙarfin gida. Amma akwai wata 'yar gona wadda mutane da yawa suka raina, watau lambun bayan gida. Raina ta kuwa babban kuskure ne.

Ga dalili. Tsakiyar damina ita ce lokacin da abinci ya fi ƙaranci a ƙauye. A watan Yuli da na Agusta hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana kuwa bai nuna ba. Gero sai ya yi wajen wata 3 a gona, dawa ma ta fi haka daɗewa. Amma alayyafo, mako 4 zuwa 6 sun ishe shi a fara yanka. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata 2. Gidan da ke da rama da kabewa a bayan ɗaki ba ya kwana da yunwa. Ko tuwo ya yi kaɗan, a kwaɗa rama da ƙuli-ƙuli, yara su ci su ƙoshi.

Sa'an nan ga maganar lafiya. Akwai wani ciwo da ake kira dundumi, wanda ke hana mutum gani da zarar almuru ta yi. Likitoci sun tabbatar yawanci rashin bitamin A ke kawo shi, in kuwa aka yi sakaci yana iya kai yaro ga makanta. Wannan bitamin yana nan cikin zogale da alayyafo da kabewa da gwanda da mangwaro. Ashe rigakafin yana bayan gida, ba sai an je nesa ba.

Wani zai ce awaki da kaji ba za su bar lambu ya yi ba. To, ai don haka aka san darni. Karan dawa na bara ya isa a kewaye wurin. Wani kuma zai ce gidansu ba fili. Taki biyar a tsaye, biyar a kwance, ya isa kuɓewa da barkono da tumatir. Ko tsohuwar tukunya da ta huje, in an cika ta da ƙasa mai kyau, sai ta ɗauki barkono ɗaya. Taki kuwa ba a saye, kashin awakin nan da ya bushe shi ne. Sai dai a tayar da kunya, don kada ruwan marka ya kwanta, saiwa ta ruɓe, sauro kuma ya sami wurin ƙwai.

Tsinka ma tana da ilminta. Kuɓewa a riƙa tsinkarta bayan kwana 2 ko 3, tun tana da taushi, gama in ta tsufa ba ta miya, uwar kuma sai ta rage haihuwa. Alayyafo a yanke shi daga sama, kada a tumɓuke, zai sake toho. Abin da ya yi yawa a yanyanka a shanya, a ajiye wa rani. A bar 'ya'ya mafi kyau su bushe a jikin uwa, su ne irin baɗi.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba. Yaron da ya dasa gwanda bana, baɗi war haka zai yanka wa ƙannensa su sha. Wanda ya kafa reshen zogale ɗaya ya yi wa gidansu tanadin ganye na shekaru. Lalle ya kamata kowane yaro ya roƙi mahaifinsa ɗan wuri tun kafin ruwa ya sauka, gama da sanyin safiya ake kama fara.

Tambayoyi
1. Don me abinci ke ƙaranci a tsakiyar damina?
2. Waɗanne abubuwa ne ke rigakafin dundumi?
3. Me ya sa ake tayar da kunya a lambu?