Tafiyar hutu: mu fara da tabkin Madarunfa

Idan hutu ya gabato, hira takan canza a filin makaranta. Kowa na tambayar ɗan'uwansa inda za shi. A zamanin yanzu har hotuna ake nuna wa juna cikin salula: ga tsibiri a tsakiyar teku, ga farin rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga wani maigida da iyalinsa suna hutawa a bakin ruwa. Yaro ya gani, ransa ya biya. In ya koma gida ya ce: « Baba, mu ma yaushe za mu? », sai a ce masa: « Wannan aikin masu kuɗi ne. Tashi ka ba dabbobi ruwa. » Nan magana ta mutu.

A ganina bai kamata ta mutu nan ba. Maigida ya faɗi gaskiya, tsibirin teku yana da nisa, yana da tsada. Yaron ma bai yi laifi ba, don son ganin duniya halin ƙuruciya ne. Ga ra'ayina: iyali su riƙa fita tare lokacin hutu, ko da sau ɗaya a shekara, ko da yini guda ne. A sa samari da ƴammata cikin shirin tun daga farko. A kuma fara da abin da ke kusa.

Ina tsibiran suke?

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Waɗansu na ce masa gungu. A gabashin Afirka, cikin tekun Indiya, akwai Zanzibar. A shekarar 1964 ta haɗe da Tanganyika, suka zama ƙasar Tanzaniya. Ta yi suna wajen noman kanumfari, irin wanda uwayenmu mata ke sawa cikin fura da kunu. A yamma kuma, daura da birnin Dakar na ƙasar Senegal, akwai ɗan ƙaramin tsibirin Gore. Jirgin ruwa kan kai mutum can cikin kamar minti 20. Baƙi na zuwa su ga gidan da aka tsare bayi a zamanin cinikin mutane. Tun 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin kayan tarihi na duniya.

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Maraɗi, kafin mutum ya ga teku a Kwatano ko a Ikko, sai ya yi fiye da kilomita 1000. Duk da haka muna da namu tsibiran cikin kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara. Akwai na Ayoru, akwai na Bubon kusa da Yamai. Akwai kuma Lete, wajen Gaya, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a shekarar 2005, bayan doguwar jayayya da ƙasar Benin. Amma su ma ba nan kusa suke ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, ga kuma rashin kwanciyar hankali da ya daɗe yana damun jahar Tilaberi.

Manomi mai ƴaƴa shida ba zai sayar da shanun nomansa don ya kai su Zanzibar ba, kuma ba mai hankalin da zai ba shi wannan shawara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ke ƙofar gidanmu

Kudu da Maraɗi, kamar kilomita 25, ga tabkin Madarunfa. Shi ne ruwa mafi girma a jahar Maraɗi. In ya cika bayan damina yakan mamaye wajen hekta 800. Da rani yana janyewa, ya bar danshi inda masu lambu ke shuka. Gulbin Gabi ne ke kawo masa ruwa daga kudu.

Mi ke akwai na gani? Akwai masunta da jiragensu da kominsu, suna kamun karfasa da tarwaɗa. Akwai manyan kukoki waɗanda suka girmi kakanninmu. Akwai balbela da zalɓe da kirinjijiya. Da sanyi kuma tsuntsaye na zuwa daga nesa, waɗansu tun daga ƙasashen Turai, su yi watanni, su koma. A gefen tabkin akwai gandun daji wanda hukuma ta hana sara. Akwai kuma kaburbura waɗanda mutanen wurin suka gada daga kakanni cewa na waliyyai 99 ne. Jama'a na zuwa ziyararsu daga Nijar da Nijeriya.

Mutanen waje ma sun san darajar wurin. A shekarar 2006 Nijar ta sa dajin da tabkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take so UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya. A shekarar 2019 kuma tabkin ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ramsar gari ne a ƙasar Iran, inda ƙasashe suka sa hannu a 1971 cewa za su kiyaye tabkuna da fadamu masu amfani ga tsuntsaye da mutane.

To, ku duba. Tsuntsu ya ƙetare teku da hamada don ya zo Madarunfa. Amma akwai yaran da aka haifa a Maraɗi, suka girma, ba su taɓa tsayawa bakin tabkin ba. Akwai ma na ƙauyukan kewaye da ke wucewa ta gefensa ran kasuwa, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu tarihinsa. Wannan asara ce.

Don mi za a yi shawara da yara?

Na san abin da waɗansu uwaye za su ce. Za su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Maigida shi ke da gida, shi ke da kuɗi, shi ke yanke magana. Haka ne, kuma ban ce a karɓe masa wannan ba. Amma ɗan shekara 14 ko 16 ya wuce a ɗauke shi kamar ƙunshin kaya. Yana huɗa, yana kiwo, yana zuwa kasuwa. Yarinya mai irin shekarunsa tana dafa tuwon gida duka, tana sayar da fura, tana riƙe da kuɗin innarta. Wanda aka amince masa da garma da tukunya, ai an iya amince masa da lissafin kuɗin mota.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Yaranmu za su yi tafiya, ko mun so ko mun ƙi. Da an gama girbi, samari ke kama hanyar ci-rani. Waɗansu Kano, waɗansu Agadas, waɗansu har Aljeriya da Libiya. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, samari da yawa sun nufi can. Sau da yawa wannan ita ce tafiyarsu ta fari, kuma su kaɗai suke yin ta, ko tare da sa'o'insu. Ba wanda ya koya musu auna guzuri da tsawon hanya. Ba wanda ya koya musu tambayar labarin hanya, da adana takardu, da gane mai gaskiya daga macuci a tasha. Saurayin da ya taɓa shirya ƙaramar tafiya a gaban ubansa, ya yi kuskure aka gyara masa, ya fi ƙarfin a ruɗe shi ranar da zai yi babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu kuma za su ce: « To, a tafi da maza, mata su tsare gida. » Ban yarda ba. Gobe yarinyar nan ce za ta goyi ɗa mai zazzaɓi ta nufi asibitin Maraɗi, wataƙila mijinta na can ci-rani. Gara ta koyi hanya yau, tare da uwayenta, da rana tsaka, hankali kwance.

Yadda za a shirya

Na farko, lokaci. Babban hutu na faɗowa ne tsakanin Yuli da Satumba. Lokacin noma ke nan, kuma kowane hannu yana da aiki a gona. Rumbu ya kusa ƙarewa, sauro ya yi yawa, gulbi na kawo ruwa. Hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa. An gama girbi, an sayar da wake da gyaɗa, hanya ta bushe, tabki na cike, baƙin tsuntsaye sun iso. A bar yara su kawo waɗannan dalilai da bakinsu, su zaɓi rana, maigida ya amince.

Na biyu, kuɗi. A ba wanda ya fi ƙwarewa a lissafi alli da allo. A misali, a ce mutum 7 za su tafi, kuma kuɗin mota zuwa da komowa jika ɗaya ne ga kowane mutum. Jika 7 ke nan. A ƙara kuɗin kifi, da na mai jirgi, da abin da za a ajiye don ɓacin rana. In jimla ta fi ƙarfin gida, sai a sake shawara. Ko a ɗauki amalanke in ƙauyen na kusa, ko a yi dambu da fura a gida a tafi da su, ko a buɗe asusu tun kaka, kowa na jefa dala biyar, dala goma. Tafiyar da yaro ya zuba kuɗinsa a ciki ba ya wasa da ita.

Na uku, rabon aiki. Wani ya je tasha ya tambayo lokacin tashin mota da na komowarta. Wata ta kula da guzuri da ruwan sha. Wani ya riƙe ƙannensa. Wata ta ɗauki littafi da alƙalami, ta rubuta sunayen kifi da na tsuntsaye da na itatuwa kamar yadda mutanen wurin ke kiran su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, lafiya. Ruwa abin sha'awa ne, amma yana ci. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa. Kada a shiga jirgi sai na masunci wanda ya san tabkin, kada kuma a cika shi ya wuce kima. Ruwan kwance yana iya ɗaukar cutar tsargiya. Ƙwayarta tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Alamarta jini cikin fitsari. Akwai maganinta a asibiti, amma rigakafi ya fi magani. Kada a sha ruwan tabki, a tafi da na gida. In za a kwana wurin dangi, kowa ya ɗauki sangensa saboda sauro.

Na biyar, tsaro. Tun wajen 2019 ƴan bindiga suka addabi garuruwan kan iyaka, har dubban mutane daga Nijeriya suka nemi mafaka a jahar Maraɗi. Saboda haka maigida ya tambayi hukuma da mutanen gari labarin hanya kafin a tashi. A tafi da safe, a komo kafin faɗuwar rana. Kada a nutsa cikin daji, kada a nufi bakin iyaka don yawo. In aka ce a dakata, a dakata. A wannan wurin maganar babba ita ce ta ƙarshe, amma ya bayyana wa yara dalilinsa, don su ma su koyi yadda ake auna haɗari.

Na shida, ladabi. Tabkin nan gonar waɗansu ce. A gai da dattawa da masunta, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum. A wurin kaburbura a yi shiru, a bi abin da masu kula da wurin suka ce. Kada a harbi tsuntsu, kada a sari icce, kada a bar leda ko ɗaya a ƙasa.

Bayan an komo

Tafiya ba ta ƙare ba sai an yi hirarta. Da dare, bayan an ci tuwo, mai lissafi ya faɗi abin da aka kashe da abin da ya rage. Mai littafi ta karanta abin da ta rubuta. Kaka ta ƙara da abin da ta ji daga nata kakannin. Kowa ya faɗi abin da za a gyara baɗi. Wataƙila baɗin a je Maraɗi a ga fadar sarki, a ji labarin ambaliyar 1945 wadda ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu. Wata shekara a je Damagaram.

Ku ƴan makaranta, in kuna son uwayenku su saurare ku, kada ku je musu da hoton salula kaɗai. Ku je da rana, da lissafi, da aikin da kowa zai ɗauka. Ku kuma uwaye, in yaro ya zo muku da irin wannan shiri, ku zaunar da shi ku duba tare. Mai yiwuwa wata rana, in Allah ya buɗa masa, shi zai kai ku Gore ko Zanzibar. A ranar zai san yadda ake tambayar hanya, da yadda ake gai da mai jirgi, don ya koya a bakin tabkin Madarunfa.

Tambayoyi

1. Mi ake kira tsibiri? Ku kawo sunan biyu da ke cikin Nijar.
2. Don mi hutun Disamba ya fi babban hutu dacewa da zuwa tabki?
3. Ta yaya tsargiya ke kama mutum?
4. Kun yarda a yi shawara da samari da ƴammata kafin tafiya? Ku faɗi dalilinku.
5. Ku shirya tafiyar yini guda ta gidanku: wurin zuwa, rana, kuɗi, da aikin kowa.