Kusurwar Kimiyya: Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari, Har a Ɗakin Gwaji



Kwanakin baya mun kai ziyara wata makarantar sakandare a Nasarawa GRA, nan cikin Kano, muka tarar da 'yan kulob ɗin kimiyya ana ta musu. Malaminsu ya raba su gida biyu, ya ba kowane rukuni wani farin gari, awo ɗaya, da shuɗin rini iri ɗaya. Kowane rukuni ya dama rinin da ruwa a kwalba, ya zuba garin, ya kaɗa, ya ajiye a rana. Kafin a tashi, shuɗin kwalbar farko ya kusa ɓacewa. Na kwalba ta biyu kuwa yana nan daram, sai ɗan koɗewa kaɗan. Nan take 'yan rukuni na biyu suka ce ai su garin jabu aka ba su.

Da aka bi diddigi, sai aka gano gari ɗaya ne daga roba ɗaya. Abin da ya faru shi ne, rukuni na biyu sun wanke kwalbarsu da garin sabulu ba su ɗauraye ta sosai ba, sannan da tataccen ruwa ya ƙare sai suka cika da na rijiyar burtsatse. Ɗan abin da ido ba ya gani shi ya ɓata musu aikin yini guda.

To, wane gari ne wannan? Sunansa titaniyom dayoksaid, wanda ake rubutawa TiO2 a darasin kemistiri. Shi ne ke sa farin fenti ya yi fari fat. Kun san katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Shi wannan gari katalis ne da ba ya aiki sai haske ya taɓa shi, shi ya sa ake ce masa fotokatalis. A shekarar 1967 wani ɗalibi a Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan, Akira Fujishima, ya ga kumfar iskar oksijin tana fitowa daga jikin wannan sinadari da ya tsoma a ruwa ya haska masa fitila. Shi da malaminsa Kenichi Honda suka wallafa binciken a mujallar Nature a 1972.

Ga yadda abin yake. Idan haske mai ƙarfi ya faɗa kan garin, sai ya tunkuɗe wani elektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi. Elektiron ɗin ya je ya haɗu da oksijin, gurbin kuma ya haɗu da ruwa, sai su haifar da wasu ƙwayoyin sinadari masu tsananin kaifi. Su ne ke daddatsa rini ko wani datti mai kama da shi, har idan aiki ya kammala ya koma ruwa da iskar kabon dayoksaid da ɗan gishiri. Amma in elektiron ya koma gurbinsa kafin ya yi aiki, ƙarfin hasken ya tafi a banza, ya zama ɗumi kawai.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Daga Nasarawa GRA zuwa masana'antun Bompai tafiyar 'yan mintuna ce. Gurɓataccen ruwan da ke fitowa daga wannan yanki yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar ruwa ta Wasai, kuma a kan hanya manoman rani suna ban ruwa da shi, su shuka latas da kabeji da alayyahon da ke zuwa kasuwanninmu. Haka Sharaɗa da Challawa ke fama da ruwan majemu da na rini. Mu kuwa Allah ya hore mana rana. Shi ya sa garin da zai yi amfani da hasken rana ya kashe kaifin irin wannan ruwa ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Sai dai mu sani, ba zai ɓatar da ƙarafa masu guba irin su dalma ba, su nasu maganin daban ne.

Masana ba sa barin garin da manyan ƙwayoyi. Suna haɗa shi a ɗakin gwaji ya fito ƙanana ƙwarai, ana auna su da nanomita. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000, alhali ƙwayar wani sanannen gari da ake kira P25 ba ta wuce wajen nanomita 21 ba. Kun san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa, domin ruwa ya fi samun inda zai taɓa ta. To haka nan, da za a shimfiɗa fatar dukkan ƙwayoyin da ke cikin giram ɗaya na P25, za ta rufe fili mai murabba'in mita 50, kusan daɓen ajinku ke nan. A kan wannan fata ake yin aikin duka, kuma a nan datti ke samun wurin zama. Sabulun ɗalibanmu ya yi takara da rinin wajen cinye ƙwayoyin nan masu kaifi, gishirin da ke narke cikin ruwan burtsatse kuma ya tare wasu wuraren aikin.

Baƙon abu a cikin irin wannan gari iri uku ne.

Na farko shi ne wanda ya shigo ba a gayyace shi ba: ragowar sinadaran da aka yi haɗin da su, kamar kulorayid, ko ƙurar hunturu, ko abin da ya fito daga jikin mazubi. Ga misali mai ban mamaki. Da aka fara shafa wannan sinadari a gilashin taga don ya riƙa wanke kansa, an lura idan aka gasa shi, sodiyam ɗin da ke cikin gilashin yana kutsawa cikin shafen ya raunana shi. Sai da aka riƙa sa wani siririn shamaki a tsakani. A 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da irin wannan gilashi kasuwa.

Na biyu ba baƙo ba ne daga waje, ɗan gida ne da ya sauya kama. Titaniyom dayoksaid yana da siffofi, fitattu su ne anatas da rutayil. Sinadari ɗaya ne, tsarin ginin ƙwayoyin ne ya bambanta, kamar a ce bulo iri ɗaya amma gini daban. Anatas ya fi aiki a mafi yawan gwaje-gwaje, amma idan zafin gashi ya haura wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara rikiɗa zuwa rutayil. Abin sha'awa, shi P25 da ake yabo gauraye ne, wajen kashi 80 cikin 100 anatas, sauran rutayil.

Na uku shi ne wanda aka gayyato da gangan. Tsantsar garin ba ya motsawa sai da hasken UV, wanda bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota ta Japan suka nuna a mujallar Science cewa in aka cusa masa ɗan nitrojin, zai iya aiki da hasken da ido ke gani. Haka ma baƙin ƙarfe ɗan kaɗan yakan taimaka, amma in ya yi yawa sai ya zama mahaɗar da elektiron ke komawa gurbinsa. Kamar gishiri ne a miya, awo shi ne magana.

Ashe ke nan tsabta a wurin masanin kimiyya ita ce ya san duk abin da ke cikin kayansa, da yawansa, da yadda ya shiga. Farin gari biyu na iya yin kama a ido, don haka sai an gwada akan san na ƙwarai. A ajin SS1 an koya muku cewa tsantsar abu yana narkewa ko tafasa a ƙayyadadden zafi. Ga waɗannan ƙananan ƙwayoyi kuwa, ana amfani da na'urar XRD, mai harba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta nuna ko anatas ne ko rutayil. Tushen wannan dabara aikin William Henry Bragg ne da ɗansa Lawrence, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1915, lokacin ɗan yana da shekara 25 kacal.

Kafin ku kai ga irin wannan na'ura a jami'a, ga abin da ke hannunku tun yanzu. Ku wanke kayan gwaji, ku ɗauraye da tataccen ruwa, kamar yadda ake so a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO. Ku rufe sinadari, ku rubuta suna da kwanan wata a jikin roba. Kada ku shaƙi garin, kada ku ɗanɗana. In an sami kuskure ku rubuta shi yadda ya faru, kada ku kwafi sakamakon na kusa da ku don ya yi kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya saba gyara lamba a aji, wata rana zai iya sa hannu cewa ruwa ya tsarkaka alhali da guba a ciki.

Ɗaliban can sun sake gwajin washegari da kwalba mai tsabta, kuma shuɗin ya koɗe kamar na 'yan uwansu. Sai malamin ya ƙara musu kwalba biyu: ɗaya da gari da rini amma a cikin kabad mai duhu, ɗaya kuma rini zalla a rana babu gari.

Tambayarmu ta wannan mako ke nan: me malamin yake son ganowa da waɗannan kwalabe biyu? Ku tattauna da malamanku na kemistiri, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.