Amfanin Rubuta Ayyukan Yini

Yara, wane ne a cikinku bai taɓa yin mantuwa ba? Akan aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri da daddawa da ashana da sabulu. Ya kama hanya yana ta nanatawa a ransa. Da ya gamu da abokinsa suka tsaya hira, sai ya komo gida da abu uku, na huɗu ya shige masa duhu. Ga tukunya bisa wuta, tilas ya sake komawa cikin rana. Wannan ƙaramar hasara ce. Amma in mantuwa ta zama halin mutum, hasararta babba ce, gama mutane sukan daina amincewa da shi. Sai ka ji ana cewa, "Kada ku aiki wane, ba ya cika aike." Alkawari kuwa kaya ne, wanda ya ɗauka tilas ya kai.

A ganina maganin wannan ciwo ba shi da tsada. Kowane yaro da ya iya karatu da rubutu ya kamata ya saba da jera ayyukan da zai yi kowace rana, ya riƙa soke su ɗaya ɗaya in ya gama. Kuma jerin da ya fi amfani shi ne gajere, marar ado.

Kada wani ya ce mantuwa ta marasa wayo ce kaɗai. A shekarar 1956 wani masani a Amurka, mai suna George Miller, ya rubuta cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda ba su wuce kamar bakwai ba, ko a ƙara biyu, ko a rage biyu. Waɗansu masana da suka biyo bayansa suka ce ai ba su ma kai haka ba, kamar huɗu ne. Kun ga ashe kan mutum kamar tafin hannu yake: in aka cika shi da gyaɗa, sai wata ta zube.

Har manyan gwanaye ma sukan manta. Ran 30 ga Oktoba, 1935, aka fito da wani sabon jirgin sama mai inji huɗu na kamfanin Boeing, don a gwada shi a wani fili a jihar Ohayo ta Amurka. Matuƙan ƙwararru ne. Jirgin ya tashi, bai yi nisa ba ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar ba a cire wani makulli da ke riƙe da kayan sarrafa jirgin ba kafin a tashi. Mantuwa guda ce ta jawo wannan. Bayan haka matuƙa suka tsara ɗan jeri na abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin jirgi ya tashi, da kuma kafin ya sauka. Har yau matuƙan jirgin sama suna bin irin wannan jeri. To, in matuƙin jirgi bai ji kunyar duba takarda ba, don me ɗan makaranta zai ji?

A da, da fensir da takarda kaɗai ake yin jerin ayyuka. A zamanin nan ana yinsa kuma a waya ko a kwamfuta, cikin abin da ake kira burauza. Burauza ita ce manhajar da ake buɗewa in ana son duba shafukan intanet. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro ta farko a 1990, sa'ad da yake aiki a wata cibiyar bincike kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Daga baya waɗansu suka fito, kamar Firefox a 2004, da Chrome a 2008. Watakila kun taɓa ganin ɗayansu a wayar babanku ko a kwamfutar makaranta.

Ga yadda jerin ayyuka mai sauƙi yake a cikin burauza. Shafi guda ne tak. A samansa akwai wani fili fari inda ake rubutu, kusa da shi kuma akwai maɓalli. Sai ka rubuta aiki ɗaya, misali "ɗebo ruwa", ka latsa maɓallin, aikin ya sauka ƙasa ya tsaya a layinsa. Ka rubuta na biyu, shi ma ya bi bayan na fari. Kowane aiki yana da ɗan akwati a gefensa. In ka gama aikin sai ka taɓa akwatin, layi ya ratsa rubutun, ko kuwa ya ɓace ɗungum. Iyakar aikinsa ke nan. Yaro ɗan aji huɗu zai iya koyonsa kafin a tashi daga darasi ɗaya.

Akwai waɗansu manhajoji na tsara ayyuka masu launi iri iri, da ƙararrawa, da hotuna, da wurare da yawa na cikewa. Suna da amfani ga manyan ofisoshi inda mutum hamsin ke aiki guda. Amma ga ɗan makaranta, ni dai na fi son mai sauƙin. Dalili kuwa, mutum yakan ɓata sa'a guda yana zaɓen launi yana gyara ƙararrawa, alhali tsakar gida tana nan ba a share ba. Wanda ya yini yana wasa lauje, bai yanka ciyawa ko dami ɗaya ba, akuyarsa da yunwa za ta kwana.

To, yaya za a yi jerin ya yi amfani? Da farko, a rubuta shi tun da dare ko da sassafe, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kada ya wuce aiki biyar ko shida. Wanda ya jera aiki ashirin zai gama huɗu, ya ga sauran sun yi masa tsiri, ransa ya ɓaci, gobe ya ƙi rubutawa. Na uku, a rubuta kowane aiki filla filla, yadda za a san an gama shi ko ba a gama ba. "Karatu" bai isa ba, domin karatu ba shi da iyaka. Gara a rubuta "lissafi, tambaya ta 1 zuwa ta 10". Na huɗu, a sa aikin da ya fi muhimmanci a sama, a fara da shi, a gama kana a kama na biyu, don taura biyu ba ta taunuwa. Da almuru kuma sai a duba abin da ya saura. In har yanzu ana bukatarsa a kai shi jerin gobe, in ba a bukata a share.

Na san akwai masu cewa kakanninmu ba su jera ayyuka a takarda ba, amma gonarsu ba ta kwana da ciyawa ba. Gaskiya ne. Sai dai aikinsu na yau shi ne na jiya, damina da kaka da rani su ke tuna musu abin da za su yi. Ɗan makaranta kuwa kullum da sabon abu: yau malamin lissafi ya ba da aiki, gobe a zo da littafin zane, jibi jarrabawa, ga kuma aiken gida. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Akwai kuma masu cewa waya tana ɗauke hankalin yaro. Wannan magana tana da ƙarfi ƙwarai. Yaro yakan buɗe burauza don ya duba jerinsa, sai ya ga wasa ko hoton ƙwallo, kafin ya farga la'asar ta yi. Saboda haka dokar ita ce: ka buɗe, ka duba, ka rufe. Wanda ya ga ba zai iya wannan ba, takarda ta fi masa alheri.

Sai ku san kuma inda jerin yake ajiye. Da yawa daga cikin masu sauƙin nan a cikin burauzar wayar da aka rubuta su suke zama, ba sa zuwa ko'ina. Watau in ka rubuta a wayar yayanka, ba za ka same shi a kwamfutar makaranta ba. In wani ya share bayanan da burauza ta ajiye, jerin ya tafi. In caji ya ƙare, sai ka jira. Kuma duk wanda ya buɗe shafin a wannan waya zai karanta abin da ka rubuta. Don haka kada ka sa asirinka ko na gidanku a ciki, kada kuma ka ɗauki wayar wani sai da izininsa. Abin da yake babba ƙwarai, kamar ranar jarrabawa, ka rubuta shi har a bangon littafinka.

Wanda ba shi da waya kada ya damu ko kaɗan. Shafin ƙarshe na littafin aikinsa ya ishe shi, domin amfanin yana cikin sabon da aka yi da jerawa da sokewa. Yaron da ya saba da wannan tun yana firamare, in ya girma ya zama malamin asibiti, ko direba, ko tela, ko ɗan kasuwa, mutane za su san in ya ce gobe, goben ce. Saboda haka yau da dare, kafin ku kwanta, kowa ya rubuta ayyuka biyar da zai yi gobe. Jibi da safe ku zo aji ku faɗa wa malaminku nawa kuka soke.

Tambayoyi

1. Mene ne ya sa jirgin nan ya faɗi a 1935, kuma wace dabara matuƙa suka yi bayan haka?
2. Don me aka ce kada jerin ayyuka ya wuce biyar ko shida?
3. Faɗi abu biyu da za su iya raba mutum da jerin da ya rubuta a cikin burauza.
4. Mece ce ma'anar karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya?