Injin yankan icce: mai noti ko mai murɗin hannu?



Makon jiya wani ƙanena daga Gummi ya kira ni yana tsaye a shago a Gusau. An ajiye masa injin yankan icce guda biyu. Ɗaya irin wanda muka sani ne, mai noti biyu a gefe. Ɗayan kuma ba noti, sai wani murɗin roba da ake juyawa da hannu, mai shago yana ta koɗa shi wai shi ne na zamani, ba ruwanka da sifana. Na ce masa ya ɗauki mai noti. Ya ce don me? Kati ya ƙare ban gama ba shi amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, ƙila wani ma ya amfana.

Wanda bai taɓa yin banda ba zai ce me ya haɗa mai tarwaɗa da injin icce. Wanda ya taɓa kwashe kududdufi ya zauna gaban tanda kwana biyu ya san icce rabin aikin ne. Haka mai kaji, duk ranar da zai kafa rumfa ko ya sake dirakun akurki.

Ga yadda abin yake. Sarƙar injin nan saki take yi in ta ɗauki zafi, musamman sabuwa. Dole a riƙa tsuke ta. A tsohon tsari sai ka sassauta noti biyu da sifana, ka juya wani ɗan sukuru, ka ɗaga bakin dogon ƙarfen nan mai kama da takobi wanda sarƙa ke zagayawa a kai, sannan ka ɗaure. A sabon tsari kuwa murɗin za ka sassauta da hannu, ka mirgina wata 'yar taya da yatsa, ka mayar ka ɗaure, shi ke nan. Kamfanin Stihl na Jamus ma harafi ya ware wa abin: in ka ga an rubuta MS 180 C-BE, harafin B ɗin nan shi yake nufi. Akwai kuma murfin tankin mai da murfin filtar iska da ake buɗewa da hannu kawai.

Ba zan zalunci sabon tsarin ba, yana da ranarsa. Mu dai mun san halinmu. Sarƙa ta saki, sifana tana gida ko yaro ya ɗauke ta ya gyara babur, sai mutum ya ce bari in ƙarasa wannan reshen tukuna. To a wannan reshen ne sarƙa ke zamewa, ta lalata haƙoranta, in tsautsayi ya gifta ta taɓa hannu ko ƙafa. Wanda murɗi ke gefen injinsa ba shi da wannan uzurin. Sannan da halin da dajinmu ke ciki yanzu, daga Anka har Bukkuyum, ba wanda ke son ƙarin minti goma a bayan gari yana laluben sifana cikin ciyawa. Wannan hujja ce mai nauyi, na yarda.

Amma ni tambayata ɗaya ce ga kowane kayan aiki: ranar da ya lalace, wa zai gyara mini shi a garin nan?

Na sha wannan darasin da kuɗina. Shekara biyu da suka wuce na sayi ƙaramin inji mai murɗi, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Wata huɗu yana yi mini aiki lafiya lau, har ina yi wa abokai gori. Ranar da na kwashe tarwaɗa wajen 400 don banda, an riga an yanka an wanke an sa gishiri, sai na ga iccen da ke ƙasa ba zai kai dare ba. Ga wani busasshen gungumen marke a gefen gona. Yanka na uku sarƙa ta saki. Na juya tayar, tana juyawa amma ba ta kama komai. Da na buɗe sai na tarar garin katako da mai da ƙurar hunturu sun haɗu sun zama kamar kwalta a ciki, haƙoran robar sun cinye. Bakaniken babur ya duba ya ce, "Malam, wanga ba gyara gare shi ba, sai dai sabon murfi." Murfin kuma babu a Anka, babu a Gusau, sai da aka aiko daga Kano bayan kwana goma sha ɗaya. Ranar da kuɗin ribata na sayi icce a hannun masu faskare, su ma da suka ga ina cikin matsuwa ba su raga mini ba. Kifi dai bai jira kowa.

Da noti ne ya ɓace ko ya cinye, lamba 13 ce ko 19, kowane bakanike yana da irinta a gwangwaninsa.

Bayan haka akwai maganar ƙarfin riƙo. Noti biyu da aka ɗaure da sifana sun fi murɗi ɗaya da aka ɗaure da yatsu kama takobin. A icce mai laushi ba za ka ga bambanci ba. Amma namu kirya ce da marke da bagaruwa, masu sa inji ya yi ta karkarwa, sai ka ga kana tsayawa tsuke sarƙa fiye da yadda ka zata. Ku lura da masu tsaga katako da suka mai da abin sana'a, masu ɗaukar Stihl 070 a kafaɗa: noti ne a jikinsa. Su kansu kamfanonin galibi a ƙananan injinan aikin gida suke sa murɗin, manyan na 'yan sana'a sun bar su da notinsu. Ai ba mantuwa suka yi ba.

Inda nake tare da sabon tsari ɗari bisa ɗari shi ne murfin filta. A ƙurar nan tamu filta tana son a kakkaɓe ta duk ranar aiki, kuma in sai an nemo sukundireba, wallahi ba za a yi ba sai inji ya fara tari. Murfin tanki kuwa sai a hankali: in bai zauna daidai ba ka ɗauka ya rufu, sai ka ga fetur a wandonka. Ka ɗan ja shi sama ka tabbatar kafin ka tayar.

Af, tun da magana ta zo kan garin katako, don Allah kada a kwashe wanda injin nan ya zubar a shimfiɗa wa 'yan tsaki. Akwai man sarƙa a jikinsa, kuma da yawanmu tsohon baƙin mai muke zubawa. Ɓuntun shinkafa busasshe ko abin da kafinta ya fere sun fi.

To wa zan ce ya sayi mai murɗi? Wanda aikinsa bai wuce sassabe rassan dogonyaro sau ɗaya ko biyu a wata ba, kuma mai shago ya nuna masa murfin canji a hannu, ba a baki ba. In ya samu, ya saya ya haɗa da injin tun ranar. Wanda kuwa bandarsa ta dogara da injin, ko yake ba yara su tafi da shi gona, ya tsaya ga noti.

Kowanne ka riƙe, kashe inji kafin ka taɓa sarƙa. In ka tsuke ta da zafi, ka ɗan sassauta bayan an tashi aiki, don in ta huce takurewa take yi ta matse injin.

Ƙanen nawa mai noti ya ɗauka. Na ce ya sayi sifana biyu, ɗaya ya ɗaure ta da igiya a hannun galan ɗin fetur, don ba a zuwa gona da inji a bar galan a gida.