Ƙungiyoyin Ƙwadago: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan Kuɗin Yajin Aiki?

A duk lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, ta ba da sanarwar yajin aiki, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu su ce madalla, an sami mai taka wa gwamnati birki, wasu kuma su ce wahala ce za ta ƙaru a kan wahala. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, saboda haka ya kamata mu duba al'amarin da idon basira.

Da farko, babu mai musun cewa ma'aikaci shi kaɗai ba ya iya ja da mai biyansa. Tsintsiya sai a dunƙule take shara. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan, da Michael Imoudu a kan gaba, suka yi yajin aiki na fiye da kwana arba'in kafin Turawan mulki su saurare su a kan tsadar rayuwa. A 1949 kuma 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Bayan an kafa NLC a 1978, matsin lambarta ne ya kawo albashi mafi ƙaranci na Naira 125 a 1981. Haka nan a Janairun 2012, da aka ɗaga litar man fetur daga Naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga ne suka sa aka sauko da ita zuwa 97.

To amma ga abin dubawa. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200, alhali Naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba a lokacin. Ashe lambar da ke kan takardar albashi ta ƙaru, abin da ke shiga tukunya kuwa ya ragu. Dattawanmu ba su manta da ƙarin albashin Udoji na 1974 ba, yadda kuɗi suka shiga hannu, farashin kaya kuma ya tashi a kasuwa.

Bugu da ƙari, mafi yawan 'yan ƙasar nan ba su da albashi ko kaɗan. Manomi, da mai tallar ƙosai, da ɗan acaɓa ba sa cikin yarjejeniyar da ake sa wa hannu a Abuja, amma su ne ke fara jin jiki. Lokacin da malaman jami'o'i suka yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gida, na masu hali suna karatu a jami'o'in kuɗi. A Yunin 2024 da aka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, mai walda da mai niƙa ne suka kwana babu ciniki.

Masaƙun Kaduna ma darasi ne. Ƙungiyar ma'aikatansu tana da ƙarfi ƙwarai, daga cikinta ne ma Adams Oshiomhole ya fito, amma rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa suka rufe masaƙun, aikin da ake karewa ya tafi.

Saboda haka ƙungiyoyin ƙwadago abin buƙata ne, domin ba don su ba da ma'aikaci bai da bakin magana. Sai dai lokaci ya yi da shugabanninsu za su matsa wa gwamnati a kan farashin abinci, da wutar lantarki, da biyan 'yan fansho, kamar yadda suke matsawa a kan albashi. Ita kuma gwamnati ta riƙa cika alkawarin da ta sa wa hannu, don rashin cika alkawari shi ne ke haifar da yawancin yajin aikin da muke gani.